Kuɗin Sauyin Yanayi: Wa Zai Sa Hannu A Madadin Birni?

Ruwan da ya ɓalle daga madatsar Alau wayewar garin 10 ga Satumba, 2024, bai tsaya tambayar iyakar ƙaramar hukuma ba. Madatsar tana ƙasar Konduga, mallakar gwamnatin tarayya ce, ruwan kuwa ya bi kogin Ngadda ya faɗa Jere da ƙwaryar Maiduguri. Ya mamaye Gwange da Kasuwar Monday da fadar Shehu, ya kutsa asibitin koyarwa, ya karya katangar gidan yari fursunoni 281 suka fice, ya kashe mafi yawan dabbobin gidan zu. Rabon garin da irin wannan tun 1994. Da ruwa ya janye sai kuɗi suka fara zuba: gwamnoni, attajirai, bankuna, kowa da tasa gudummawar, daga baya kuma gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina madatsar. Madalla, Allah ya saka wa kowa.

Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba. Da a ce shekara biyar kafin wannan dare wani ya so ya nemo kuɗin gyaran madatsar, da yashe Ngadda, da faɗaɗa magudanan cikin gari, daga asusun da duniya ta ware don sauyin yanayi, wa zai sa hannu a takardar a madadin Maiduguri? Ciyaman na birni, wanda ikonsa ya ƙare a inda na Jere ya fara? Ko gwamna, wanda madatsar ba tasa ba ce? Ko Abuja, wadda ke da madatsu da dama a wuyanta?

A takarda dai kuɗin suna nan. A Kofanhagen, a 2009, ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020, ba su cika ba sai 2022, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na abin da gwamnatocinsu suka bayar bashi ne. A Baku, a Nuwamban 2024, aka ɗaga alkawarin zuwa biliyan 300 nan da 2035, wakilan ƙasashe matalauta suka fito suna ƙorafin an raina musu hankali. Asusun biyan diyyar asara da ɓarna, wanda aka amince da shi a Masar a 2022, ya fara da alkawuran da suka ɗan haura dala miliyan 700 a taron Dubai na 2023, adadin da ambaliyar Najeriya ta 2022 kaɗai, wadda ta kashe mutum fiye da 600 ta raba sama da miliyan ɗaya da gidajensu, za ta lanƙwame ta nemi ƙari. Sannan a farkon 2025 Amurka ta juya baya, ta fice daga yarjejeniyar Faris, ta soke dala biliyan 4 da ta yi wa asusun yanayi na GCF alkawari. Wanda ke jiran kuɗin waje su ƙaru, to ya gyara zama.

Amma ko ɗan abin da ake bayarwa, ina yake zuwa? Cibiyar IIED ta Landan ta bi diddigin kuɗin manyan asusun yanayi daga 2003 zuwa 2016, ta gano abin da aka nufa da matakin gari da ƙauye bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Saura yana tsayawa a ma'aikatun tarayya, da bankunan raya ƙasa, da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya. Alhali kwatar da ke toshewa, da kasuwar da rufin kwanonta ke gasa mata 'yan tireda a watan Afrilu, da bolar da ke hayaƙi dare da rana, duk ba sa cikin jerin ayyukan minista. Tsarin mulkin 1999 ma ƙaramar hukuma ya ɗora wa magudanai da shara da kasuwanni.

Dalilin wannan tazara ba ɓoyayye ba ne. Asusun GCF, wanda aka kafa a 2010 kuma yake zaune a Koriya ta Kudu, ba ya ba gari kuɗi hannu da hannu. Sai ta hannun wata hukuma da ya tantance, tantancewar kuwa kan ci shekaru, ana duba littattafan kuɗi da ƙa'idojin kwangila da na kare muhalli. Bayan wannan sai an kawo takardar amincewar gwamnatin ƙasa. In bashi ne daga waje, a Najeriya hurumin tarayya ne, jiha ma ba ta ciwo sai Abuja ta tsaya mata, balle ƙaramar hukuma. In kuma kasuwar hannun jari aka nufa, Bankin Duniya ya taɓa ƙirgawa a 2013 cewa cikin manyan birane 500 na ƙasashe masu tasowa, kashi 4 cikin 100 ne kaɗai masu ba da bashi na duniya ke yarda da su, a kasuwannin cikin gida kuma kashi 20.

Masu ba da tallafi sun ga matsalar, ba zan hana su wannan ba. A 2020 Jamus da Lukzambur suka zuba kuɗi aka kafa wani asusu na musamman da Bankin Duniya da Bankin Zuba Jari na Turai ke gudanarwa, aikinsa ba gina komai ba ne, shi ne ya ɗauki tunanin gari tun yana ɗanye ya biya masana su auna, su zana, su yi lissafi, har ya zama takardar da banki zai karanta. Ƙungiyar manyan birane ta C40 tana da irin nata. A taron Dubai ƙasashe kusan 70 suka sa hannu cewa za su riƙa tafiya da jihohi da birane wajen tsara manufofin yanayi. Taimako ne na gaske, domin magajin gari da yawa sun san abin da suke so, ba su da injiniyan da zai auna yawan ruwan da magudana za ta ɗauka bayan shekara 30, ba su da kuma kuɗin ɗauko shi.

Matsalata da duk waɗannan ita ce an ɗinka su ne don birnin da ke da kai guda: magajin gari, majalisa, baitulmali, hatimi. Dubi waɗanda ake buga misali da su. Johannesbag ta sayar da takardun lamuni na kare muhalli na rand biliyan 1.46 a 2014. Keftawun ta yi na rand biliyan 1 a 2017, tana tsakiyar fari, ta zuba a harkar ruwa. A Firitawun, bayan zaftarewar ƙasar 2017 da ta binne mutum fiye da 1,000, magajiyar gari Yvonne Aki-Sawyerr ta sa aka ƙirga gidajen birnin da hotunan tauraron ɗan'adam, rajistar masu biyan harajin gida ta kusan ninkawa, aka tsara yadda mai katafaren gida zai biya da yawa mai ɗan ɗaki ya biya kaɗan, ta kuma shiga dasa itatuwa miliyan ɗaya a kan tuddan da aka sare. Duk wanda ya zo da kuɗi ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

To ka zo Kano. Birnin da ake ƙirga mutanensa da miliyoyi ba shi da wata hukuma guda mai suna birnin Kano. Ƙananan hukumomi takwas ne suka raba shi: Birni, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nassarawa, Ungogo da Kumbotso. Tsara gine-gine na KNUPDA ne, kwashe shara na REMASAB, manyan magudanai na ma'aikatar ayyuka, zaizayar ƙasa ta ma'aikatar muhalli, duk na jiha. Ruwan da ya sauka a Gwale ta Dala da Fagge zai bi kafin ya faɗa Jakara, kududdufan da a da suke shanye shi kuwa an cike da yawansu an kafa shaguna da gidaje. Abin ya yi kama da gidan gado mai magada takwas, ba a raba ba, ba a kuma naɗa wakili ba: rufi na yoyo a kan kowa, amma ba wanda zai je ya karɓo kwano bashi da sunan gidan.

Ba haka abin yake ba tun asali. A farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, baitulmalin En'e ta Kano ne ya biya kuɗin janyo ruwan famfo daga Challawa da kawo lantarki cikin gari. Ba ina kewar En'e ba ne, kakanninmu sun sha dukan dogarai a kan haraji da jangali, kuma da dalili talakawa suka yi murna lokacin da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke su bayan zaɓen 1979. Abin lura shi ne gari ya taɓa zama mai asusunsa, mai iya ɗaukar babban aiki ya gama. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 da yayyankawar da ta biyo baya har aka kai 774 sun kusanto da sakatariya ga jama'a, amma sun bar manyan birane ba uwa ba uba. Legas ce kaɗai ta tsira, don can jihar da birnin kusan abu ɗaya ne, shi ya sa take iya shiga kasuwa ta ciwo bashi da sunanta. Kaduna ta gwada wani abu a 2021, ta kafa hukumomin birni a Kaduna da Zariya da Kafanchan, sai dai shugabanninsu naɗaɗɗun gwamna ne, abin da gwamna ya naɗa kuwa wani gwamnan na iya kwancewa.

Ga kuma asusun haɗin gwiwa. Ƙananan hukumomi suna da kashi 20.60 cikin 100 na rabon arzikin ƙasa, amma sashe na 162 na tsarin mulki ya sa kuɗin ke bi ta hannun jiha, kuma kowa ya san abin da ke isa sakatariya bayan an cire albashi da «ayyukan haɗin gwiwa». A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan su kai tsaye, ta kuma haramta kantomomin riƙo. Aka yi ta murna, sannan aka shafe watanni ana ja-in-ja kan buɗe asusu a Babban Banki. Wane banki ne zai ba da lamunin shekara 15 ga hukumar da ba ta san abin da zai shigo mata wata mai zuwa ba?

Kada kuma a ɗauka samun magajin gari shi ke nan. Dakar tana da shi. A 2015 magajin garin, Khalifa Sall, ya shirya sayar da takardun lamuni na sefa biliyan 20 don gina wa 'yan tebur kasuwa. An yi shekaru ana gyara littattafan birnin, masu auna ƙarfin biyan bashi sun duba sun gamsu, hukumar raya ƙasashe ta Amurka ta tsaya wa rabin kuɗin. Ana saura kwanaki kaɗan a buɗe ciniki gwamnatin ƙasa ta janye amincewarta, magana ta mutu. Mutumin abokin hamayyar shugaban ƙasa ne, kuma ba a buƙatar dogon nazari a gane cewa fadar shugaba ba ta son ganin magajin babban birni da kuɗin da bai roƙa a wurinta ba. Firitawun ma gwamnatin ƙasa ta dakatar da sabon harajin na ɗan lokaci a 2020. Masu shirya bita a otal-otal kan yi maganar ƙarancin ƙwarewa, su tsallake wannan, don ƙwarewa ana koyar da ita cikin kwana uku, siyasa kuwa ba ta shiga rahoto.

Akwai wani abin da ya fi damuna da salon «a mayar da aiki abin da banki zai so». Banki na son aikin da ke dawo da kuɗi. Motocin haya masu lantarki suna da kuɗin mota, wutar sola a kasuwa tana da mita, masana'antar sarrafa shara tana sayar da taki. Magudanar ruwa fa? Ba wanda ke biyan kuɗin shiga kwata. Ribarta ita ce gidan ƙasar da bai rushe ba, da yaron da bai kamu da kwalara ba, kuma ba a kai wannan banki a biya bashi da shi. Mafi yawan abin da garuruwanmu ke buƙata irin wannan ne. In aka ce a ciwo masa bashin dala, a tuna cewa a watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin shekara ta zagayo ta haura 1,400. Jihar da ta ci bashi kafin nan, abin da za ta biya da naira ya ninka sau uku ba tare da an ƙara mata bulo ko ɗaya ba. Shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja yana aiki mai amfani a wurare da dama, amma rance ne mai sauƙi, ba kyauta ba, jikokinmu za su taras da shi.

Duk wanda ya zauna a unguwa ya san yadda ake yi kafin damina. Ranar Asabar matasa su fito aikin gayya da shebur da manjagara da baro, su naɗe ƙafar wando su shiga lambatu, su yi ta fito da baƙin taɓo da ledar fiya-wata da robobi. Mai shago ya sayo musu ruwa, wani dattijo ya sa albarka. Kafin azahar an tara tsibi-tsibi a bakin titi. Sai a jira tifa. Babu kuɗin tifa, kansila ya ce zai yi magana, ciyaman yana Abuja. Kwana huɗu hadari ya haɗo, ruwan farko ya mayar da tsibin inda aka ciro shi. Abin da ya raba wannan aiki da nasara bai wuce kuɗin mota biyu da man da za su sha ba, kuma babu wani asusu a Koriya ko Washinton da aka gina don ya iya fitar da kuɗi ƙanana haka, a kan lokaci, kowace shekara.

Shi ya sa na fi karkata ga abin da aka yi a Kenya, a yankunanta masu fari irin namu. An fara a Isiolo wajen 2012, aka bi da Wajir, Garissa, Makueni da Kitui. Kowace gunduma ta kafa asusun yanayi nata da dokar majalisarta. Wajir, a 2016, ta ɗaure kanta da ware kashi 2 cikin 100 na kasafin ayyukan raya ƙasa duk shekara. Ƙa'idar rabon ita ce kashi 70 na ayyukan da mazaɓu suka zaɓa, 20 na ayyukan gunduma baki ɗaya, 10 na gudanarwa. Kwamitin mazaɓa, wanda jama'a suka zaɓa kuma akwai mata a ciki, an gaya masa tun farko nawa ne rabonsa, shi zai ce rijiya ake so ko shinge a tafkin shayar da dabbobi. Injiniyoyin gunduma suna iya gyara lissafi da zane, amma ba su da ikon soke zaɓin in ya cika sharuɗɗa. Da tsarin ya kafu sai kuɗin waje suka biyo shi: a 2021 Bankin Duniya ya sa dala miliyan 150 don a yaɗa shi a faɗin ƙasar. A lura da jerin: doka da kuɗin gida ne suka riga, baƙo ya zo ya tarar da inda zai zuba nasa.

Ba sai an je Kenya ba ma. A jihar Dosso ta Nijar, ƙananan hukumomin Dogon Kiria da Sokorbe na cikin waɗanda suka fara gwada shirin LoCAL na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka ƙirƙiro a Butan da Kambodiya a 2011. Ana ƙara wa ƙaramar hukuma ɗan tallafi a kan kasafinta, ta hanyar baitulmalin ƙasa, ta yi aikin farfaɗo da fako ko gyaran rijiyoyi. Ƙarshen shekara masu bincike su zo su duba littafi su duba aiki. Wadda ta yi da kyau rabonta ya ƙaru baɗi, wadda ta yi wasa ya ragu. Sai dai a Afrilun 2024 gwamnatin soja ta rushe zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi ta naɗa kantomomi, a shekarar da ambaliya ta kashe ɗaruruwan mutane a ƙasar ta kuma rushe tsohon masallacin Damagaram.

Na san abin da mai karatu zai ce: a ba ciyaman kuɗi? Ai cinyewa zai yi. Ban musa ba. Amma kuɗin da aka riƙe a sama don gudun ɓarayin ƙasa, sun tsira? Najeriya tana da asusun kula da muhalli tun 1981, ana cire masa kaso daga asusun tarayya kowane wata, tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi kowa da rabonsa. A 2018 kotu ta ɗaure tsohon gwamnan Filato Joshua Dariye kan karkatar da fiye da naira biliyan ɗaya na wannan asusu, a 2022 aka yi masa afuwa. Mutum nawa ne a Haɗeja ko Mokwa, inda ruwa ya kashe fiye da mutum 150 a Mayun 2025, suka san nawa ƙaramar hukumarsu ta samu daga asusun a bara? Satar miliyan biyar da aka liƙa sanarwarta a ƙofar gidan mai unguwa, aka ce ta kwalbatin layin kaza ce, ta fi wuya a kan satar biliyan da ba wanda ya san ta shigo. Mutanen layin suna wucewa ta wurin kullum, sun san ɗan kwangilar, sun san gidan surukansa.

Saboda haka in gwamnan wata jiha a Arewa da gaske yake, ba sai ya jira taron duniya na gaba ba. Rabon jiharsa da na ƙananan hukumominta daga asusun muhalli ya isa a fara. Majalisar jiha ta yi doka, a ware shi a asusu mai suna, a ƙayyade kason mazaɓu, a wallafa adadin, a sa binciken shekara-shekara wanda sakamakonsa zai taɓa rabon baɗi. Manyan birane kuma a ba su hukuma guda ta magudanai da shara wadda iyakarta ita ce inda ruwa ke bi, ƙananan hukumomin da abin ya shafa su zauna a majalisarta, ta mallaki hanyar shigar kuɗi da doka ta tsare. Irin wannan hukuma ce za ta iya tunkarar masu taimakon tsara ayyuka, ta kuma bi ta Bankin Raya Ƙasa na Najeriya, DBN, wanda GCF ya tantance a 2024. Ayyukan da ke dawo da kuɗi, su kuma a nema musu jari da naira. Sukuk, wato takardun jari na Musulunci, ya riga ya nuna yana karɓuwa: Osun ta gina makarantu da shi a 2013, tarayya ta fara na tituna da biliyan 100 a 2017, kuma ɗan kasuwar Kwari da ke gudun riba ba zai ƙi sa kuɗinsa a wutar solar kasuwarsa ba in ya yarda da masu riƙon.

Abin da ya fi ƙarfin birni ɗaya ma akwai tsohon misalinsa a gida. Ambaliyar Haɗeja tana da alaƙa da yadda ake sakin ruwa a Tiga da Challawa, da kuma ciyawar kacalla da ta toshe hanyoyin kogi har zuwa Nguru, ba abin da ciyaman ɗaya zai iya a kai. A 2006 jihohi shida, Kano, Jigawa, Yobe, Borno, Bauci da Filato, suka haɗu da gwamnatin tarayya suka kafa asusun amana na kogunan Haɗeja, Jama'are, Komadugu da Yobe, mai mazauni a Damaturu. Hukuma ce da aka yanka daidai da tafiyar ruwa, tana da rajista, tana iya sa hannu. Gwamnonin shida za su iya farawa da tambayar nawa kowannensu ya zuba mata a kasafin bana.